Muryar Habboba a Faifai Biyu

Musu ne abincinmu a shagon gyaran kwamfuta da muka buɗe a Kasuwar Libiya, ni da abokina. Shi ya koya mini Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, tun muna samari a Omdurman, kuma ya ɗauki abin kamar ɗariƙa. Yana son fuskar kwamfuta mai ƙyale-ƙyale, tagogi na rawa kamar amare. Ni kuwa na fi son mara nauyi, wadda tsohuwar na'ura za ta ɗauka ba tare da nishi ba. Yakan ce zaɓina ya yi kama da ɗakin gwauro, ni kuma in ce nasa kantin kayan kwalliya ne. Mai shayin da ke ƙofarmu har ta haddace zagin da muke yi wa juna, tana miƙo jabana, wato gahawa, tana ƙarasa mana.

Kawuna na unguwar Kalakla malami ne, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Na haɗa masa wata tsohuwar kwamfuta, na sa mata Linux, na bar masa manyan alamomi kaɗan a fuska. Ɗaya daga ciki tana buɗe muryar mahaifiyarsa, kakata, wadda muke kira Habboba. Kafin ta rasu na yi ta zama gabanta ina ɗaukar maganarta: yadda iyayenta suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar aikin hajji, yadda guzuri ya ƙare suka zauna a nan, waƙoƙin daka, sunayen 'yan uwan da aka binne a hanya. Hausarta ba irin tamu ba ce da muke cakuɗawa da Larabci. Kawu kan saurare ta bayan la'asar, kansa a sunkuye. Don gudun asara na sa faifai biyu a cikin na'urar, duk abin da ke ɗaya yana kwafuwa a ɗayan. Abokina ne ya riƙe mini sukundireba ranar da na ɗaura na biyun, ya kuma san abin da ke ciki.

Wani aiki ya kai ni wajen gari. Ina can kwamfutar ta ƙi tashi bayan an ɗauke wuta, kawu ya kira ni, na ce kada ya damu, zan turo masa ɗan'uwana. Haka na faɗa, ɗan'uwana. A lokacin abokin nawa ya fara zirga-zirga a ofisoshin Khartum yana sa musu manhajoji, musun ma ya daina yi masa daɗi, amma ban kawo komai a raina ba.

Da na dawo na wuce Kalakla kai tsaye. Kawu ya tare ni da murna, yana ta sa wa abokina albarka, wai ya gama aikin kafin shayi ya huce. Na kunna na ga Windows. Na duba faifan farko, fes, an goge komai. Na duba na biyu, an share shi an cika shi da finafinai da wasanni, wai kyauta ce ga jikoki. Na zauna a bakin gadon igiya.

Washegari na same shi a shago yana cin ful, dafaffen wake. Bai ko ɗago sosai ba. Ya ce gyaran zai ci masa yini, ga shi ana jiransa a gari, kuma tsoho ba ruwansa da wane tsari ne a ciki. Na tambaye shi muryar fa.

"Ya zol, mutumina, da na sa Windows faifan babu komai ya nuna mini. Ma'alesh, yi haƙuri."

"Kai ka koya mini cewa Windows ba ya ganin faifanmu," na ce.

Ya ci gaba da tsoma burodi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da jahili ne ya yi, da na ce kuskure. Wannan ya sani sarai, gaggawa ce kawai ta fi masa kakata. Na je na ciro faifan duka biyu na yi ta gwada duk manhajar ceto da na sani. Finafinan sun hau kan komai. Abin da na tsamo guntun tari ne da rabin sallama.

Ba mu yi faɗa ba, na dai kwashe kayan aikina na bar masa shagon. Har yau ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba.

Kawu ne ban san yadda zan yi da shi ba. Na koma na same shi zaune gaban na'urar, yana lalubar fuskar da ba ta saba masa ba, hancinsa kusa da gilashi.

"Ɗana, abokinka ya canja wa Inna wuri. Nemo mini ita."

Na faɗa masa gaskiya. Ya ce in kunna masa abin da ya rage. Na kunna. Ya ce in sake.