Ƙwaryar Yaya Indo ba ta bango ba ce

Shekara goma sha bakwai ke nan da Allah Ya karɓi Yaya Indo a Magaria. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita ce babba. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, 'yata ce ke rubutawa, na kuma hana ta gyara mini magana.

A zamaninmu, ranar suna da la'asar mata kan cika tsakar gida. Yaya ta zuba ruwa a babbar tasa, ta kife ƙwarya a kai. Ba ta fara kiɗi sai ta ɗaga bakin ƙwaryar ta rage iska, ta buga, ta saurara, har muryar ta zauna. Sannan ta bi mata ɗai-ɗai, kowacce ta kira ta da sunan uwarta da kakarta. Wadda ta taho daga Guci a ƙafa ma sai ta miƙe ta taka.

Yau sono ake haya, lasifika kamar rumbu. Abin da aka sa a Dungas shi za a sa mana, bai san sunan kowa ba. Mata na kan kujerun roba, kowacce da wayarta. Da Yaya za ta leƙo, da sai ta tambaya wa ya rasu.

Matar ɗana Sani ta haifi mace, za a maida mata sunan Yaya. Na je ɗauko ƙwaryar, na tarar Sani ya huda ta da ƙusa ya rataye a bangon salonsa, ɗakin karɓar baƙi.

"Inna, kayan tarihi ne," in ji shi. "Na riga na kira mai sono."

"Ni ma tarihi ce," na ce masa. "Ɗauko ƙusar ka rataye ni."

Bai san iskar da ke ciki ita ce muryar ba. Ƙwarya mai huji nutsewa take yi.

Na sauko da ita, na toshe hujin da kakin zuma. Na gwada ta jiya, ta ɗan dishe, amma tana magana. Jibi ne suna. Bari mai sono ya yi abinsa a titi, amma da la'asar tsakar gida tawa ce.

Muryar Yaya ta tafi da ita, hannunta ma ban gada ba. Sunayen ta bar mini, ba wanda ya kuɓuce. Jaririyar nan za ta ji na kakanninta daga bakin mutum, ko da ni kaɗai ce a gaban tasar.