Kawu, Ka Ɓoye Mini Ƙurar da Ta Kashe Ka

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina ofis ina shirya na'urorin awo aka bugo mini waya cewa Allah ya yi maka rasuwa, Kawu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara hamsin da biyu kacal, ashirin da uku daga ciki ka yi su ne riƙe da injin huda dutse a ramin haƙar ma'adinai.

Kowa a ramin Kawu yake ce maka, har da waɗanda suka girme ka. Sabon ma'aikaci ba ya cin abinci shi kaɗai muddin kana nan. Ranar da na fara zuwa auna ƙurar silika, wato ƙurar dutse mai lalata huhu, kai ka cire hular kwanonka ka kifa mini, ka raɗa mini suna Likitan Ƙura.

Aikina ba shi da wuya. In ɗaura wa mutum 'yar na'ura mai zuƙar iska a ƙugu, in maƙala bakinta a wuyan rigarsa kusa da hanci. Bayan awa takwas in cire matacin da ke ciki a auna ƙurar da ya tara. Ƙurar da ke kisa ba ta ganuwa, huhu take shiga ta mayar da shi tabo. Shekara shida matacinku yana fitowa fes, ni kuma ina sa hannu cewa iskar ramin lafiya lau. Da takarduna masu ramin suka kafa hujja suka ƙi saka famfon feshin ruwa da fankar janye ƙura.

Sai a gadon asibiti ka gaya mini, kana magana kana tsayawa neman numfashi.

"Likita, ka yafe ni. Da ka juya baya muke naɗe bakin na'urar da jiƙaƙƙen hankici, mu cusa cikin riga. Ni na koya musu. Tsoro nake a rufe ramin, magidanta arba'in su zauna a gida."

Wallahi, Kawu, raina ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba. Na ji haushinka, na ji haushin masu ramin da suka bar ku da wannan tsoron, na fi jin haushin kaina. Ni da na yi karatun abin, ina fitowa da ƙura har cikin kunne, amma ban taɓa tambayar yadda mataci zai fito fari daga wurin ba.

A hanyar maƙabarta, abokan aikinka uku da suka ɗauki makara sai da aka karɓe su tun ba a je ko'ina ba, suka tsaya suna haki. Ɗayansu ƙaninka ne. Ranar Litinin zan sake shiga ramin, kuma ba zan juya baya ba sai awa takwas ta cika. Ku ma'aikatan ramin, ina roƙonku don Allah, ku bar na'urar ta shaƙi abin da kuke shaƙa.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yalwata kabarinka, ya duba niyyarka ya gafarta maka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka biyar da ƙaninka, Allah ya ba su haƙuri. Ni kuma da hannuna ke kan takardun nan, ina roƙonsu su yafe mini.