Goyon Kaka daga ramin tama

Ni fa babu ruwana, ja na anka yi. Ina zaman zamana bakin kasuwa ina tsokanar 'yan matan Hilani masu nono, ƙanwata ta zo ta ce Baba na kira. Ni da allo ma ya gagare ni, na kai Sabbi na aje, ni za a sa tsakanin manya biyu?

Dalili shi ne Baba ɗan fari ne wajen Kaka. Tun da anka haihe shi Kaka bai taɓa kama sunanshi ba, bai taɓa dubanshi ido cikin ido ya yi mishi magana ba. "Wancan" yake ce mishi. In sun haɗu a zaure, wannan ya dubi bango, wancan ya dubi ƙasa. Ni kuwa jika ne, bakina sake yake. Kaka ya zage ni in rama, in ce ya sakar mini matata, wato kakata, tunda shi ya ƙare. To duk maganar da kunya ta hana su, ta bakina take bi.

Mu maƙera ne, kuma tama ce ta zaunar da garinmu nan arewa da Tasawa. Da rani a haƙo ta, a sare kirya a yi gawayi, a narka ta a hidda ƙarhe. Kahin ruwa ya sauka manoma na zuwa tun daga Urafan da Atantane, jakai ɗauke da damman gero, su koma da hauya da galma. Bayan gari duk tsohin ramuka ne, awaki na faɗawa, makiyaya na zuwa ƙara. Kiryar ma ta yi nisa, sai an yi tahiya ake samun ta.

Baba shina zaune bakin maƙera da na iso. Ya ce, "Gaya wa kakanka ya bar shiga rami. Ƙafafunshi rawa suke."

Na iske Kaka shina wasa dagi, abin haƙarshi. Na ce, "Tsoho, an tuɓe ka. Daga yau kai da rami sai labari."

"Wa ya tuɓe ni, ja'iri?"

"Wanda ba ka iya faɗin sunanshi."

Bai yi dariya ba. Ya ce narkin da anka yi na baya, tamar da samari sunka haƙo ba ta ba da komi ba sai kashin ƙarhe, manoma sun zo sun koma da geronsu. Ya ce jijiyar tamar ƙwarai tana nan ƙasa, shi ya san inda ta bi, kuma in damina ta riski mutane ba hauya, shi ba ya da huskar hita masallaci. "Gaya wa wancan ni na fara saukar da shi rami, shina kuka shina kiran uwarshi."

Na kai saƙo, har da kwaikwayon kukan. Baba ya jeho mini guntun gawayi.

Da sahe Kaka ya zungure ni da sanda. "Taso ka riƙe mini igiya, malalaci." Na so in ce a'a, sai na ga ya riga ya ɗaura ɗan warkinshi na aiki, ga ƙirji duk ƙashi, ga dagi a kafaɗa. Na ɗauki kwando na bi shi. Muna hita bayan gari na hango Baba da gatari, wai za shi saran kirya. Kirya kuwa babu ita wajen ramuka tun ina yaro, amma can ya nufa.

Ramin ƙunci gare shi kamar rijiya, an sassaƙa wuraren sa ƙafa jikin bango. Kaka ya sauka a hankali shina zagina, wai inuwata na tare mishi haske. Can na fara jin dagi. Ya girgiza igiya na jawo kwando, ga tama baƙa mai ja-ja, nauyinta kamar za ta ɓalle mini kafaɗa. Ya sake cikawa na sake ja. Har waƙa na ji shina yi can ƙasa.

Sai waƙar ta tsaya.

"Kai, ja'iri."

"Na'am, Tsoho."

"Ƙafar ta ƙi."

Ban taɓa jin muryarshi ƙarama haka ba. Na buɗe baki in ce to shi ke nan na gaji matata, maganar ta ƙi hita. Na ce ya ɗaura igiya a ƙugu, na ja har tahin hannuna ya saluɓe, bai ko ɗaga ba. Ƙasa ta fara zuba daga bakin ramin, na saki.

Ban kira kowa ba, amma ina waigawa ga Baba tsaye bayana, ba gatari. Ya kwance rawaninshi ya rataya a wuya, ya juya ya sauka.

Na kwanta rub da ciki ina leƙe. Duhu ne, sai nishi nake ji da zubar tsakuwa. Can muryar Kaka ta taso.

"Kai, gaya wa wancan ya daina matse mini ciki da rawanin nan."

Na kwaɗa ihu, "Baba, wai ka sassauta!"

"Gaya wa kakanka ya riƙe wuyana da kyau."

"Tsoho, wai ka riƙe wuya!"

"Na ji, ba kurma ba ne ni."

Mutum biyu, bakin wannan jikin kunnen wancan, amma sai maganar ta hau sama wajena ta sake sauka. Haka sunka taho, taki bayan taki. Da haske ya kai gare su na ga Kaka goye a bayan Baba kamar jinjiri, kuncinshi kwance bisa kafaɗa, ido ruhe. Jar ƙasa ta shahe su duka biyu. Hannunshi ɗaya na wuyan Baba, ɗayan kuwa bisa kanshi yake, shina kakkaɓe mishi ƙura a hankali. Na kau da kaina, ni da ba ni jin kunyar kowa.

Da sunka hito Baba bai aje shi nan take ba. Sai da ya kai shi inuwar wani gawo, ya durƙusa ya kwance rawanin. Sannan kowa ya koma duban inda ya saba duba.

Da la'asar gidanmu ya cika. Tamar da Kaka ya haƙo na zube tsakar gida, baffannina na juya ta suna jinjina kai. Kakata na shafa mishi man shanu a ƙafa tana faɗa. Shi kuwa ya samu baki, wai jijiyar gabas ta yi, gobe da sahe zai koma. Baffanni sunka ce su za su sauka, ya zauna bakin rami ya riƙa zaɓe. Ya ce shi ba mai tsintar wake ba ne. Kakata ta ce ta gaji da jinyar mai taurin kai. Ni ina tsakiya ina kai saƙo ina kawowa har maƙogwarona ya bushe, na ce ko dai su ba ni hura ko su nemi wani ɗan aike.

Baba shina bakin zaure, ya juya mana baya, shina wanke jar ƙasar rawaninshi cikin ƙwarya. Maganar da ya yi ita ta kashe gardamar, don Kaka bai sake sa ƙafa cikin rami ba. Ko waigowa bai yi ba, ya kira ni.

"Gaya wa kakanka ya sauka, ba a hana shi ba. Ni ma zan sauka in goyo shi. Amma gobe ranar kasuwa ce, kuma ta tsakiyarta zan biyo da shi gida."