Ranar da Baba Ya Taka Zuwa Gonarsa

Tun bazara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifina. Da ya fara samun sauƙi, likita ya ce ya riƙa ɗan tattaki a tsakar gida. Baba ya ce yawon tsakar gida na kaji ne.

Da kaka ta yi, wata safiya ya ce in raka shi gonarsa da ke bayan Jigwada. Daga gidanmu na Tudun Ƙofa muka hau keke napep, amma a ƙarshen kwalta ya ce a sauke mu. Kafin mu fito, Inna ta ja ni gefe ta ce in na ga bakinsa ya karkace in kira ta nan take.

Muka bi burtalin shanu, dawa ta yi mana rumfa hagu da dama. Yana jan ƙafar hagu, sandarsa tana nutsewa a sawun kofato. Yana nuna mini gonakin mutane, wannan ta wane ce, waccan an sayar, ni kuwa fuskarsa kawai nake kallo.

Da muka shiga kurmi na wuce gaba ina kawar masa da ƙaya. Can na daina jin ƙarar sandar. Na waiwaya, sai na gan shi jingine da bishiya, ido a runtse, baki a murɗe. Na ruga wurinsa. Na zaro waya, babu sabis. Na riƙe kafaɗarsa ina tambayarsa ko yana jina.

Ya buɗe ido, ya tofar da ƙwallon ɗan itace a ƙasa.

"Tsada ce, ba ta nuna ba, sai tsami," in ji shi. "Rabona da ita tun bara."

Zama na yi daɓas a kan ganye. Dariya ta zo mini tare da hawaye, shi kuma ya tsaya yana dubana kamar ni ce majinyaciyar. Sai ya miƙo mini guda.

A kwarin da rafi ya ratsa ne ya yarda na tallafe shi. Ruwan bai wuce idon sawu ba, amma duwatsun da santsi. Ya ɗora hannu a wuyana, na ji nauyinsa ya dawo, ba kamar lokacin da muke ɗaga shi a asibiti ba.

Ƙanena ne ya noma gonar a wannan shekarar. Dawar ta yi kyau, zangarniya har tana sunkuyawa. Baba ya zauna a gindin mangwaro, ya ƙare mata kallo, ya ce kunyoyin duk a karkace suke. Ya fara lissafo abin da za a gyara baɗi. Na cire takalmi na miƙe ƙafa kusa da shi, na bar shi ya yi ta faɗansa.