Hular da Ban Ƙarasa Ba

Ni maɗinkin hula ne, ko in ce a da. A unguwar Abbaganaram na tashi, kuma tun ina saurayi nake zama ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu da allura da zare, kai a sunkuye daga hantsi har la'asar. Ba yabon kai ba, a lokacin in ka ga ɗinkina a kan mutum ba sai an gaya maka ba. Da allurar nan na yi aure, da ita nake ci da iyali.

Ciwon ya fara kamar wasa, ɗan nauyi a ƙeya. Kafin a jima ya zama wuta, tana saukowa daga wuya zuwa kafaɗar dama. A asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce ƙashin wuya ne ya danne jijiya, sai an yi aiki, amma mutane da yawa na gabana, in je za a neme ni. Ya ba ni abin ɗaure wuya, ya ja kunnena cewa kada in bar kowa ya taɓa wurin.

Kai, jira masifa ne! Wata ya wuce, wani ya bi. Duk zuwan da na yi, a ce ba a zo kaina ba tukuna. Ga zafin garin nan, abin wuyan ya jiƙe da gumi har fata ta saɓule. Salla a zaune, sallama sai na juya da jiki duka. Abokan zama suna tsokanata, wai na zama babban mutum, ba a gaishe ni in waiga. Ina taya su dariya, amma wallahi in na shiga ɗaki hawaye nake yi. Duk da haka hannuna lafiya lau yake, ina ɗaga hular daidai fuskata ina ɗan taɓa ɗinki.

Ana haka goggona ta zo daga Umarari. Ta ce mu dai tun kakanni uwar tagwaye ke gyara wuyan da ya ƙage, kuma akwai wata a maƙwabtansu. Na gaya mata abin da likita ya ce. Ta ce to likitan yana ina, shi ne yake kwana da ciwon? Goggo ce, ba a musu da ita, kuma gaskiya na gaji, sai na bi ta muka je. Matar ba muguwa ba ce. Ta yi mini sannu, ta shafa man shanu, ta ce in kalli ƙofa, sai ta murɗa. Na ji ƙas! Har na yi hamdala, don na ji sauƙi a ranar.

A lokacin ina kan wata farar hula ta wani ango, na ci rabinta. Bayan 'yan kwanaki ina ɗinki sai na ga ja a kan farin zare. Na duba, ashe allura ce ta shige babban yatsana, ban ji komai ba. Da na koma asibiti, likita bai yi faɗa ba. Ya ce ko an yi aikin ba zai yi mini alkawarin hannun ba. Har yau ina jira.

Abin da na koya, ciwo in ya daɗe yakan sa ka miƙa kanka ga duk wanda ya ce zai taimaka, kuma masu kai ka masoyanka ne. Don Allah duk mai jira irin nawa, ya daure, kada ya ba kowa wuyansa, ko wace ce ta roƙe shi.

Hular kuwa, wani abokin zamana na bai wa ya ƙarasa. Wata Juma'a a Shehuri, ana fitowa daga masallaci, na gan ta a kan angon. Daga nesa na gane inda hannuna ya tsaya, na wani ya ɗora. Ya wuce ta damana, na so in bi ta da kallo, wuyan ya ƙi.