Dakakken Naman Nusaiba

Nusaiba 'yar garin Dakko ce, ɗiyar mahauci, kuma ni dai ban ga abin da ta fi ni da shi ba. Fa'izu mai gyaran injin ban-ruwa ya auro ta ya kawo ta Talata Mafara, katangarmu ɗaya. Tana koyarwa a wata firamare can Bakura. Da sassafe take fita, ba ta dawowa sai bayan la'asar, alli har a gefen hijabi, ga 'ya'ya huɗu na jiran ta. Da na ga haka na ce a raina, Fa'izu ya auro wa kansa yunwa.

A layinmu maza ciyayya suke yi. Da an idar da magariba kowane gida zai fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar surukina, Baba Barau, a ci tare. Mu mata ba ma leƙawa, amma kwano na kawo mana labari. Tun da Mamuda ya auro ni, nawa ke fara dawowa a suɗe. Tun azahar nake kan murhu, in tuƙa tuwon shinkafa, in kaɗa miya da tsoka manya-manya. Kullum kuma Baba sai ya aiko, a ce wa Taiba Allah shi yi albarka. Ba ni da albashi, ba ni da takarda, wannan saƙon shi ne abin taƙamata.

Ita kuwa Nusaiba ran Talata take sayen guntayen naman da suka rage a kan teburin mahauta, irin wanda ni ko kallo bai ishe ni ba. Ta tafasa, ta zuba a turmi da albasa da attarugu da daddawa, ta daka shi lugub, ta soya har ya bushe, ta rufe a samira. Wai haka uwarta ke yi da abin da ya kwanta wa ubanta a kasuwa. Shi ke nan girkin mako. Yau ta ɗebi cokali biyu ta watsa a taliya, gobe a dafa-duka da zogale, jibi a faten dankali. Ina jin ta ta katanga, kafin in gama tuƙi ta sauke, har tana duba wa yara aikin makaranta. Abin yana ƙona min rai.

Sai kwanona ya fara dawowa da saura, tsokar ma tana zaune a ciki. Saƙon Baba ya ɗauke. Na tsare Mamuda.

"Mi ya hwaru da tuwona?"

"Ba komi, Taiba. Baba ne, haƙora sun ƙare. Tsokarki tsotsa shikai shi aje. Na Nusaiba ko, kowace loma da nama ciki."

Au! Ni da ke zaɓo masa tsoka mafi girma don girmamawa. Ranar ko abinci ban iya ci ba don haushi.

Talatar da ta zagayo na sa aka sayo min nama, na rufe ƙofar gida don kada a ji, na daka har kafaɗata ta yi tsami. Na yi dafa-duka, na zuba mai da yaji yadda na san ita ba za ta iya ba. Na miƙa wa Mamuda, na zauna bakin zaure ina jira.

Kwano ya dawo tas, kamar an wanke. Zuciyata ta yi fari.

"To, mi Baba ya ce?"

Mamuda ya sosa ƙeya, ya ƙi kallo na.

"Ya ci ƙwarai, har da ƙari."

"Na ce mi ya ce?"

"Cewa ya yi, Allah shi yi ma Nusaiba albarka, yau kwano biyu ta aiko."