Ragon Sunan Kamarad

Yayata ta doshi arba'in ko ɓari ba ta taɓa yi ba, ni kuwa ƙanwarta ina ta zubo 'ya'ya kamar kaza. Kwatsam sai cikinta ya taso. Unguwarmu ta Zangon Kwatano kaf ta ɗauka. Mijinta, mai fataucin shanu, ya zo da rago tun daga arewa ya ɗaure a tsakar gida don suna.

Wata tara ya wuce, shiru. Shekara ta zagayo, shiru. Tsofaffin unguwa suka lallatsa suka ce ciki ne ya kwanta, a dinga shan jiƙo zai tashi. Zamanin juyin juya hali ne, gwamnati ta ce kowa kamarad ne, daga minista har mai dako. Ni na raɗa wa cikin suna Kamarad, don halinsa ɗaya da ma'aikatan ofis, yana zaune wuri guda, yana ci, ba ya tsinana komai. Yaya ta jefe ni da ludayi, amma ita ma ta kama sunan.

"Kamarad ya motsa jiya," in ji ta.

"Wake kika ci, Yaya."

Rago kuwa ya yi ƙiba ya fi ƙarfin kowa. Ya cinye mini zane, ya tunkuyi liman a ƙofar gida.

Abin da Yaya ta ɓoye mana shi ne jini bai taɓa ɗauke mata ba, ƙaruwa ma yake yi. A shekara ta uku ta yanke jiki ta faɗi a bakin tandar waina, muka kwashe ta sai asibiti. Likita ya gama dubawa ya fara magana da Faransanci, "Kamarad..."

"Kin ji ko?" Yaya ta finciko ni. "Har lokotoro ya san sunansa!"

Wata ma'aikaciyar asibitin 'yar Parakou, mai jin Hausa, ta fassara mana sauran. Babu ɗa. Ƙari ne a mahaifa, fibrom suke ce masa, kuma sai an cire shi tare da mahaifar, in ba haka ba jinin zai kashe ta. Yaya ta ce, "A sake dubawa, barci yake yi." Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Aka yi aikin, ta rayu. Ranar da aikin ya cika kwana bakwai ta ce a yanka ragon. Mijinta ya ce, "Haba, ki ji tsoron Allah, sunan me?"

"Shekara uku ina ɗauke da shi," in ji ta, "ko sau ɗaya ba wanda ya ce mini juya a garin nan. A yanka masa ragonsa."

Aka yanka. Naman ya tsufa, tauri kamar tayar mota, amma unguwa ta cinye tas. Yaya ta raba wa 'ya'yana da hannunta, ita ko tsoka ɗaya ba ta kai baki ba.